Waɗanda Suka Tsaya A Rafin Besor

Darasinmu na wannan wata yana cikin Littafin Samu'ila na Fari, sura 30. Muna roƙon kowane mai karatu ya buɗe wurin ya karanta surar duka tukuna, da murya in da hali, domin waɗanda ba su iya karatu ba a gidan su ma su ji. Labarin yaƙi ne, amma waɗanda mu ke so mu duba a ciki su ne mutum 200 da ba su kai wurin yaƙin ba, da wani bawa guda da aka tsinta yashe a jeji. Kafin mu kai gare su, bari mu kawo misali daga wani wasa na ƙasashen nesa, gama zai taimake mu mu gane zuciyar mutumin da ya tashi tare da jama'a, jiki ya tsai da shi a hanya.

Tsere mai kashi uku

A Amurka da Turai da Ostareliya akwai wani tsere mai kashi uku, suna ce da shi tirayatalon. Mutum zai fara da iyo a teku ko a tafki, ya fito da gudu ya hau keke, ya sauka daga keke ya sa takalmi ya yi gudu da ƙafa, agogo kuwa ba ya tsayawa tun daga farko har ƙarshe. An soma shi a birnin San Diyego na Amurka a shekarar 1974. A 1978 aka yi mai tsawon a Hawayi, wanda a ke kira Ironman, watau mutumin ƙarfe. Mutum 15 suka tashi a ranar, 12 suka gama. Iyonsa kilomita 3.8 ne, keke kilomita 180, gudu kilomita 42, duka a yini ɗaya. In an haɗa ya kai kilomita 226, kusan nisan Kaduna zuwa Kano ke nan, yawanci kuma awa 17 a kan ba mutum ya gama. Akwai gajere, mai iyo kilomita 1.5 da keke 40 da gudu 10, shi ne aka shigar cikin wasannin Olimfik a Sidni a shekarar 2000.

Galibin masu yin wannan tsere ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da uwayen 'ya'ya, a kan raba su rukuni rukuni bisa ga shekarunsu. Ba a biyansu kome. Su ne ma su ke biyan kuɗin shiga, wani lokaci dala ɗaruruwa, tun watanni kafin ranar, in kuwa mutum ya kasa zuwa ba lalle ne a mayar masa da kuɗinsa duka ba. Mai shirin dogon tseren ya kan tashi tun da asuba ya yi iyo kafin ya tafi wurin aiki, ya yi gudu da yamma, ranar Asabar ya yini a kan keke, awa 10 ko fiye a mako, wata da watanni. Lokacin tseren a ƙasashen sanyi gajere ne, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba ko Oktoba.

To, a ce ga wani ya yi dukan wannan shiri, ya yi tsere ɗaya ko biyu a farkon lokacin, babban yana gaba. Ran nan keke ya kayar da shi, ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya karye. Ko kuwa agararsa ta tsinke. Ko likita ya duba ƙwaurinsa ya ce ƙashin ya tsage. Karayar ƙashin kafaɗa ga babba ta kan ci mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe. Tsagewar ƙashi ta kan ci mako 6 zuwa 8 in wurin mai sauƙi ne. Agara kuwa in ta tsinke, wata 6 ne har zuwa shekara kafin a koma gudu sosai. Ya ƙidaya makonni a kan yatsunsa, ya ga lokacin bana ya wuce shi.

Wani zai ce, ai wasa ne kawai, mene ne abin baƙin ciki? Kada mu yi saurin faɗin haka. Manzo Bulus bai rena masu tsere ba. Mutanen Korinti suna da manyan wasanni kusa da birninsu kowace shekara biyu, Helenawa kuma tun dā suna da gasa mai kashi biyar, gudu da tsalle da jifan faifai da jifan mashi da kokawa. Daga wurin irin waɗannan mutane Bulus ya ɗauko misalin kamewa a cikin 1 Korintiyawa sura 9, ya kuma gaya wa Timoti horon jiki yana da nasa amfani, ko da ya ke bai kai na ibada ba. Abin da mutum ya zuba wa ƙarfinsa da kuɗinsa da barcinsa, in ya kuɓuce masa, zafin na gaske ne.

Laifin wa?

Tambayar da ta kan fara zuwa wa mai bi a kan gadon jinya ita ce, ko Allah yana hukunta ni ne? Almajirai sun yi irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, Ubangiji Yesu kuwa bai ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa ba. Wanda mota ta buge shi yana kan hanyarsa, ko tayarsa ta zame a kan ruwa, kada ya zauna yana tonon zunubansa na shekara goma yana neman wanda ya jawo masa. Kada mu kuma mu taya shi tonon, kamar yadda abokan Ayuba suka yi.

Amma gaskiya ita ce, yawancin raunin masu wannan tsere ba daga haɗari ya ke zuwa ba. Daga yawan aiki ne, musamman gudu, kuma a hankali ya ke shigowa. Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo a madadinsa, nauyin da a ke ɗora masa kuwa shi ne ya ke sa ya ƙara ƙarfi, muddin an ba shi hutu da abinci. In mutum ya ƙara nisan gudu da sauri, rushewar ta kan riga ginin, sai 'yan ƙananan tsagu su taru wuri ɗaya har su zama tsaga guda. Wanda ya ke rage cin abinci domin jikinsa ya yi sauƙin ɗauka, shi ya fi shiga wannan hatsari, mace kuma in al'adarta ta ɗauke saboda yawan horo da ƙarancin abinci, ƙashinta yana cikin hatsari ƙwarai. Wani likitan soja a ƙasar Jamus, Breithaupt, shi ya fara bayyana wannan ciwo a 1855, a ƙafafun sojoji masu doguwar tafiya.

Jiki magayi ne, ya kan kuwa faɗa tun da wuri. Alamar ita ce zafi a wuri ɗaya tak, wanda kan yatsa zai iya rufewa, yana ƙaruwa da gudu, daga baya har da tafiya, har ya hana barci. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna kome a mako biyu ko uku na fari, saboda haka kada mutum ya ce an ɗauki hoto ba a ga kome ba, ya koma gudu da zafinsa. Akwai na'urar hoto mai maganaɗisu, MRI, ita ta kan gani da wuri. In zafin yana wajen matsematsi ne, a yi hanzarin ganin likita, gama wuyan ƙashin cinya in ya tsage aka ci gaba da taka shi ya kan rabu biyu, sai an yi aiki. Wanda ya ji dukan waɗannan alamu ya toshe kunnensa domin ya riga ya biya kuɗin tsere, ko domin kada abokai su wuce shi, ya kamata ya amsa a gaban Allah bai riƙe amanar jikin da aka ba shi da kyau ba. Ya faɗa sau ɗaya, ya karɓi gafara, ya koyi abin koyo. Maimaita zargin kai kowace safiya ba ya haɗa ƙashi.

A bakin rafin

Yanzu mu koma ga karatunmu. Dauda da mutanensa 600 sun taso daga sansanin Filistiyawa, a rana ta uku suka iso Ziklag, suka tarar Amalekawa sun ƙone garin sun kwashe mata da yara. Suka yi kuka har ƙarfin kuka ya ƙare. Mutanen suka soma maganar jifan Dauda da duwatsu. Shi kuwa ya nemi ƙarfi wurin Ubangiji, ya kira Abiyata firist, ya yi tambaya, aka ce ya bi sawu. Ba su huta ba, suka sāke kama hanya. Da suka kai rafin Besor, wanda masana su ke ganin shi ne kwarin da ya bi ta kudancin Gaza ya faɗa teku, mutum 200 suka kasa hayewa saboda gajiya. Sauran 400 suka wuce.

Mu lura da kyau, waɗannan 200 ba ragwaye ba ne, ba kuwa matsorata ba. Tafiyar kwana uku ɗin nan da su aka yi. Matansu da 'ya'yansu suna cikin waɗanda aka kwashe. Ba mai son ƙetare rafin nan kamar su, ƙafa ce ta ƙi. Mu yi tunanin zamansu a can. Suna kallon ƙurar 'yan'uwansu har ta ɓace, ba labari, ba abin yi sai tsaron kaya da jira, yaƙin kuwa ya ɗauki tun daga almuru har yammacin kashegari. A ganinmu wannan jira ya yi kusan kai wa yaƙin wuya.

Haka masu tsere da suka ji rauni su kan ba da labarin kansu. Zafin ƙafa ba shi ne babban abin ba. Awa goman nan ta mako ta zama fanko. Abokan da a ke haɗuwa da su kowace asuba sun ci gaba da nasu shiri, hirarsu duka ta tsere ce, shi kuwa ba shi da abin sa baki. Jikin da ya saba da motsi ya kan rasa barci, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, matar gida da yara su sha faɗa ba laifinsu. Ranar tseren ta zo, yana zaune yana duba sakamako, ya ga sunan wanda ya saba wucewa. A nan kishi ya kan shigo, ko da mutum bai gayyace shi ba. Likitoci sun san baƙin ciki mai nauyi ya kan bi bayan irin wannan rauni. In ya wuce mako biyu mutum ba ya jin daɗin kome, ba ya cin abinci, ko ya soma tunanin ransa ba shi da amfani, to, a gaya wa likita da fasto, kada a ɓoye.

Akwai wata tambaya kuma da rauni ya kan tono, gara a amsa ta tun ana kwance. In an ɗauke mini wannan abu, ni wane ne? Mutum ya kan soma gudu domin lafiya, a hankali gudun ya zama sunansa, har sujadar Lahadi da zaman iyali su riƙa matsawa suna ba shi wuri. Ba mu ce kowane mai tsere haka ya ke ba. Amma makonnin kwanciya su ne lokacin da mutum zai iya dubawa ya ga inda abin ya zauna a zuciyarsa.

Sa'ad da Dauda ya komo da nasara, mutum 200 ɗin suka fito taryensa, ya matso ya gaishe su, ya tambayi lafiyarsu. Wannan gaisuwa ba ƙaramin abu ba ce ga mutanen da kunya ta rufe. Sai waɗansu daga cikin 400 suka ce kada a ba su kome daga ganima, kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama gabansa. Littafi Mai Tsarki ya kira masu wannan magana mugaye. Dauda ya amsa musu da laushi, ya kira su 'yan'uwansa, amma bai ja da baya ba. Hujjarsa ita ce Ubangiji ne ya ba da nasarar, saboda haka ba mai ikon riƙe ta kamar ladan ƙafarsa. Ya yanke, mai tsaron kaya da mai shiga yaƙi rabonsu ɗaya, ya kuma mai da shi doka a Isra'ila. Tun zamanin Musa ma an yi irin wannan rabo tsakanin mayaƙa da sauran jama'a, kamar yadda mu ke gani a Littafin Lissafi sura 31.

Abin sha'awa, a tsere mai kashi uku ma akwai wurin kaya. Fili ne da a ke jera kekuna da takalma, inda kowa ya ke sāke shiri tsakanin kashi da kashi, dole kuwa a sami masu tsaronsa. Dole a sami masu miƙa ruwa a bakin hanya, da masu nuna kwana, da masu tare wanda ya faɗi a bakin layi. A babban tseren Hawayi irin waɗannan masu aikin sa kai dubbai ne. Da yawa daga cikin waɗanda rauni ya hana su shiga su kan je su tsaya a nan da sandunansu, su kan kuwa ce abin ya fi zaman gida sauƙi.

Bawan da aka yar

Tsakanin rafin da wurin yaƙin mutanen Dauda suka tsinci wani Bamasare a jeji. Kwana uku bai ci ba bai sha ba. Bawan wani Ba'amaleke ne, ya yi rashin lafiya a hanya, ubangidansa ya yar da shi ya wuce. Dauda yana cikin sauri, ransa yana wurin iyalinsa, duk da haka aka tsaya aka ba wannan baƙo gurasa da ruwa da ɓaure da busasshen inabi har ya farfaɗo. Shi ne kuwa ya nuna musu inda maharan su ke. Ba'amaleken ya ga bawan da ba ya iya tafiya ba shi da sauran amfani, wannan lissafi ne ya hallaka rundunarsu. Ga iyayengiji biyu a sura ɗaya, kowane mai bi kuwa ya san wanda Ubangijinmu ya yi kama da shi.

Komowa

Mai rauni ya kan ji tsoro ko dukan wahalarsa ta tafi a banza. Gaskiya ne, cikin mako biyu zuwa huɗu na zama numfashin dogon gudu ya kan ragu, domin yawan jini ya kan sauka tun a kwanakin fari. Amma wanda ya yi shekaru yana horo, ko bayan wata uku yana gaba da wanda bai taɓa yi ba, naman jiki kuma ya fi saurin komowa bisa ga yadda aka gina shi da fari. A nan mai tsere kashi uku ya fi mai gudu kaɗai sa'a. In ƙafa ce, sau da yawa likita ya kan yarda da iyo, ko gudu a ruwa mai zurfi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. In kafaɗa ce, akwai keken da a ke tukawa a ɗaki. Amma likita da mai gashin ƙashi su ne za su faɗi lokaci.

Hatsarin da ya fi girma yana ranar da zafi ya daina. Zuciya da huhu su kan riga ƙashi da jijiya shiryawa, sai mutum ya ji kamar zai iya kilomita 10, ƙafar kuwa ko 2 ba ta kai ba. Saboda haka a kan fara da tafiya, sa'an nan gudun minti ɗaya da tafiyar minti kaɗan, ana tsallake rana, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Sauri ya haifi nawa, mutane da yawa sun ɓad da shekara ta biyu domin ƙoƙarin ceton wata ɗaya na shekara ta fari.

A kan ba da labarin Tim Don, Baturen Ingila, wanda mota ta buge shi a kan keke a Hawayi a watan Oktoba 2017, saura kwanaki kaɗan a yi tseren. Ƙashin wuyansa ya karye, aka ɗaura masa zoben ƙarfe da kusoshi a ƙoƙon kai wajen wata uku, a watan Afrilu 2018 kuwa ya yi gudun kilomita 42 na birnin Boston cikin ƙasa da awa 3. Labari ne mai ƙarfafa zuciya, amma mu yi hankali da shi a ɗakin jinya. Shi sana'arsa ke nan, yana da likitoci kewaye da shi. Ba kowa ne ya kan komo haka ba, Allah kuma bai yi wa kowa alkawarin haka ba. Yakubu ya tashi daga Feniyel da albarka, amma yana ɗingishi. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka bar masa ita, aka ba shi alheri isasshe. Wanda ya ke ganin shekaru sun ƙure masa kuwa, ya tuna da Madonna Buder, wata sista ta ɗarikar Katolika a Amurka, wadda ba ta fara gudu ba sai tana da shekara 48, ta kuma gama dogon tseren a Kanada a 2012 tana da shekara 82.

A cikin ekklesiyoyinmu

Masu irin wannan tsere ba su da yawa a tsakaninmu, amma rafin Besor yana kowace ekklesiya. Ga saurayin da gwiwarsa ta goce ana tsakiyar gasar ƙwallo. Ga manomin da babur ya kayar da shi a farkon damina, wanda nasa ya fi na mai tsere nauyi nesa, gama abincin shekara ne ya ke kallo ciyawa tana cinyewa. Wannan ba wa'azi ya ke bukata da fari ba, gayya ya ke bukata, matasa su ɗauki fartanya su shiga gonarsa kafin noman fari ya wuce. In karaya ce mai rauni a buɗe, ko an yi ɗori yatsu suka kumbura suka yi sanyi ko suka soma baƙi, a kwance ɗaurin a kai shi asibiti a ranar, gama ɗauri mai tsanani ya sa an yanke hannuwa da ƙafafu da yawa a ƙasarmu.

Mun iya gaisuwar mara lafiya, amma muna da saurin gajiya. Makon fari ɗaki ya kan cika har a rasa wurin zama. Mako na biyar da na shida, sa'ad da zafi ya lafa kaɗaici ya yi yawa, ba kowa. In mun ce yaya jiki, zai ce da sauƙi, gama haka a ke cewa. Sai an zauna an daɗe kafin ya faɗi abin da ke ransa. Dattawa su raba makonnin tun daga fari, kowane mako da mai zuwa, har ranar da zai ajiye sanda. A ba shi kuma aikin da zai iya yi a zaune, ko riƙe littafin baiko, ko koya wa yara karatu, ko rubuta sunayen 'yan wasa ranar gasa, in ƙungiyarsu ta ci kyauta kuwa a kira sunansa tare da na sauran.